Ina Kuɗinmu Suke Kwana Idan Mun Kai Su Banki?

Ran wata Juma'a cikin watan jiya, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo mai sayar da goro, wanda muke ganin girmansa ƙwarai, ya riƙe hannunmu ya ce, "Malam, kai da kake koya wa yara lissafi, ina so ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Kuɗin nan da yarona ya matsa mini na kai banki, suna nan ajiye cikin akwatin ƙarfe, ko kuwa?" Muka ce, "Baba, ba su nan." Sai ya saki hannunmu ya ce ai dama ya faɗa. Kafin mu buɗe baki mu ƙara wata magana an kira shi wurin ɗaurin aure, ya wuce. To, da yake mun san ana karanta masa wannan shafi kowane wata, ga ragowar amsar. Muna kuma zaton ba shi kaɗai ne mai wannan tambaya a zangunanmu ba, daga Nima da Sabon Zango na Ankara har Asawase da Aboabo a Kumasi.

Gaskiya ce, banki ba rumbu ba ne. Abin da ka kai masa da safe, kafin mako ya zagayo ya riga ya ba wani rance da mafi yawansa. Wannan ba ha'inci ba ne, shi ne ainihin sana'ar. Kuma ba baƙuwar sana'a ba ce a wurin Bahaushe, sai dai sunan ne baƙo.

A zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga neman goro, babu wanda ke shiga kasuwa kai tsaye. Kowane baƙo yana da mai gidansa. Mai gida shi ke saukar da shi, ya adana masa kaya, ya riƙe masa wuri, ya haɗa shi da dillali. Idan mai saye ba shi da kuɗi a hannu, mai gida ne zai tsaya masa, watau in ya ƙi biya, mai gida zai biya daga aljihunsa. Baƙo bai san mai saye ba, amma ya san mai gida, shi ya sa yake yarda ya saki kayansa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da jama'a suka watse zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Ankara, sun tafi da wannan tsari, kuma har gobe ana ganin ɓurɓushinsa a kasuwannin shanu. Karɓar ajiya, ba da lamuni, sanin wanda zai biya da wanda ba zai biya ba: aikin banki ke nan, ba ragi. Ko sunan kuɗin ma ɗaya ne. Mu muna cewa kuɗi, wanda asalinsa jam'in wuri ne, shi kuma sidi da aka fito da shi a 1965 daga sunan wuri a bakin Tonawa da 'yan'uwansu aka samo shi.

Su Turawa nasu ya faro ne a biranen Italiya, inda masu canji ke zama kan benci a kasuwa, daga sunan bencin ne ma kalmar banki ta fito. Daga baya maƙeran zinariya na Landan, waɗanda ake ba ajiya, suka lura cewa masu ajiya ba sa zuwa karɓa gaba ɗaya, sai suka fara ba da rance da abin da ke kwance. A 1694 aka kafa Bankin Ingila.

A nan ƙasar, banki na farko ya buɗe a Ankara a 1896, shi ne Bank of British West Africa, wanda ke da alaƙa da kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, kuma shi ne kakan Standard Chartered na yau. A 1917 Colonial Bank ya biyo baya, ya koma Barclays a 1925, yanzu kuma Absa ake ce masa tun 2020. Waɗannan bankuna biyu ba don ɗan ƙasa aka kawo su ba. Aikinsu riƙe kuɗin gwamnatin mulkin mallaka da hidimar manyan kamfanonin da ke sayen koko. Sukan karɓi ajiyar baƙar fata, amma rance sai da kyar. Ana ba da labarin Alhassan Ɗantata, wanda ya fara ƙarfi da fataucin goro daga nan ƙasar, cewa ya kai wa reshen bankin na Kano azurfa kayan raƙumi ashirin. Irinsa kaɗan ne. Yawancin kakanninmu ba su taɓa taka ƙofar banki ba. Kukan da 'yan kasuwa na gida suka yi ta yi ne ya sa aka kafa Bank of the Gold Coast a 1953. Da aka sami mulkin kai a 1957 sai aka raba shi biyu, aka fitar da Babban Bankin Gana, mai buga kuɗi da sa ido kan sauran bankuna, da kuma Ghana Commercial Bank, wanda muke kira GCB. Gwamnati ta ƙara da nata bankunan raya ƙasa, na masana'antu a 1963, na noma a 1965, sannan bankin karkara na farko a Agona Nyakrom a 1976.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi irin na aji shida. A ce mutum 100 kowa ya kai sidi 1,000. Banki yana da 100,000 ke nan na mutane. Masu bankin su ma sun zuba nasu jarin, a ce 10,000. Manaja ya sani daga abin da ya saba gani cewa a rana ɗaya ba fiye da mutum goma za su zo ɗiba ba, wasu kuma za su kawo sabo. Saboda haka sai ya ware wani kaso ya riƙe a hannu, wani kason doka ta tilasta masa ya ajiye a Babban Banki, saura ya rarraba rance ga mai shago da mai mota da manomin koko. Abin da yake karɓa a hannun mai rance ya fi abin da yake ba mai ajiya, tsakanin biyun nan ne yake biyan akawu da mai gadi da hayar gini, ya kuma fitar da riba. Ban da wannan akwai sauran hidimomi da ake biyansa lada a kai: biyan albashi (mu malaman makaranta ta nan namu ke biyowa, ko muna so ko ba mu so), cek, canjin kuɗin waje, karɓo saƙon yaranmu da ke Jamus da Italiya da Amurka, da tsaya wa ɗan kasuwa mai odar kaya daga Sin ko Dubai, kamar dai yadda mai gida ke tsaya wa baƙo a Salaga.

To, ina haɗarin yake? Mu koma kan lissafinmu. A ce manaja ya ɗauki 20,000 ya ba mutum guda, mutumin nan kuma ya karye ko ya gudu. Jarin masu banki 10,000 ne kawai. Ya tafi, an kuma ci 10,000 daga cikin kuɗin masu ajiya. Daga waje ba za ka ga alama ba. Gini na nan da fenti, ma'aikata na sanye da kwat, ana ta biyan mai zuwa ɗiba da kuɗin mai kawowa. Amma bankin ya riga ya mutu, jana'iza ce ba a yi ba. Wannan shi ne haɗari na farko kuma mafi girma, bashin da ba ya dawowa.

Na biyu ya fi ban tausayi, domin yana iya kama bankin da ba shi da laifi. Rancen da ya bayar na shekara biyu ne ko uku, ajiyar da ya karɓa kuwa mai ita na iya zuwa gobe da safe. Idan jita-jita ta tashi mutum 100 ɗin nan suka yi layi rana ɗaya, babu bankin da zai iya biyansu a duk duniya, komai lafiyarsa. Shi ya sa muke roƙon matasanmu masu tura saƙo ta waya su riƙa tantancewa kafin su yaɗa cewa banki kaza ya faɗi. Akwai kuma haɗarin faɗuwar sidi, ga bankin da ya ciwo bashin dala ya bayar da sidi, da haɗarin ɓarawon cikin gida, da 'yan damfarar intanet da suka yi yawa a wannan zamani.

Maganin waɗannan ba ɓoyayye ba ne, yana rubuce a doka. Dole banki ya riƙe jari daidai gwargwadon rancen da ya bayar. Tun 1988 manyan bankunan duniya suka yi yarjejeniya a birnin Basel na ƙasar Suwizalan cewa kada jari ya gaza kashi 8 cikin ɗari, dokar bankunanmu ta 2016 kuwa ta ce kashi 10. Doka ta hana a tara rance mai yawa a hannun mutum guda, ta kuma sa iyaka kan abin da daraktoci da danginsu za su iya ranta. Ana neman jingina, ana neman mai tsaya maka, ana duba ko ka taɓa cin bashin wani banki ka ƙi biya. Idan bashi ya fara jinkiri, dole a ware kuɗi a gefe don rufe gurbinsa. Mutanenmu da yawa sukan ji haushi idan ma'aikacin banki ya yi ta tambayoyi, ina takardar gida, ina littafin ciniki, wa ya san ka. Mu ma an taɓa juya mu har sau uku a kan ɗan rancen da muka nema don rufin ɗaki, muka fito muna huci. Amma da muka huce muka tuna cewa kuɗin da yake ƙoƙarin karewa na wata tsohuwa ce mai sayar da waina. Bankin da ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ba ya tambaya.

Sai dai kuma ba za mu ga laifin Baba mai goro ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsaransa sun ga watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, mutane suka yi ta sayar da gidaje da kaya a wulaƙance. Tun daga nan dattawan zango suka fi son dukiyar da za a iya ɗaure ta a ɗankwali a tashi da ita cikin dare. Sun ga watan Maris na 1979, zamanin Janar Akuffo, da aka rufe iyakoki aka canza kuɗi. Wanda ya kawo tsofaffin takardu, a kan 5,000 na farko ana ba shi 7 a madadin 10, abin da ya haura kuma 5 a madadin 10. A wannan karon masu ajiya a gida ne suka sha kashi, na banki suka tsira. Shekara uku bayan haka, a 1982, sai abin ya juya. Gwamnatin Rawlings ta janye takardar sidi 50, mutane suka miƙa aka ba su rasit, aka kuma rufe asusun duk wanda ke da fiye da 50,000 a banki har sai ya yi bayanin inda ya samo. Mutumin da aka ƙona a gida, aka sake ƙona shi a banki, ina kake so ya kai kuɗinsa? Iyayenmu sun ba mu wannan labari ba sau ɗaya ba, kuma muna ganin har yau ƙasar nan ba ta gama biyan bashin amanar da ta ci a waɗannan shekaru ba.

Su kansu bankunan gwamnati a lokacin sun cika da rancen da aka bayar bisa umarni daga sama, ga kamfanonin gwamnati da ba sa riba. A 1988 aka fara gyara da taimakon Bankin Duniya, aka yi sabuwar doka a 1989, aka kafa hukuma ta musamman a 1990 ta kwashe ruɓaɓɓen bashi. Duk da haka a Janairu 2000 sai da aka rufe Bank for Housing and Construction da Ghana Co-operative Bank.

Wanda kowa ke tunawa shi ne na baya-bayan nan. Ran 14 ga Agusta 2017 aka wayi gari Babban Banki ya ƙwace lasisin UT Bank da Capital Bank ya miƙa ajiyarsu ga GCB. Ran 1 ga Agusta 2018 aka haɗe guda biyar, uniBank, Royal, Beige, Sovereign da Construction, aka mai da su Consolidated Bank. A Janairu 2019 Premium da Heritage suka bi sahu. Tara ke nan. An kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga sidi miliyan 120 zuwa miliyan 400, bankunan da suka rage suka zama 23. Wanda ya karanta bayanan da Babban Banki ya fitar zai ga babu wani sabon abu a ciki. Rance ga masu banki da kamfanoninsu ba tare da jingina ba, jarin da aka nuna a takarda alhali babu shi, taimakon gaggawa da aka karɓa daga Babban Banki aka karkatar. Watau lissafinmu na aji shida ne, an dai ƙara masa sifiri. Tambayar da muke da ita, ina masu sa ido suke duk shekarun da ɓarnar ke taruwa? Doka tana nan tun da can.

Masu ajiya a waɗannan bankuna tara ba su yi asarar ajiyarsu ba, gwamnati ta ɗauki nauyi. Amma gwamnati ba ta da gona. Aikin share fagen duka ya ci fiye da sidi biliyan 20, bashi ne a wuyan ƙasa, kuma mai sayar da koko da ƙosai da ba ta taɓa buɗe asusu ba ita ma tana biya ta hanyar haraji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dubban ma'aikata kuma suka rasa aiki. Sannan a Disamba 2022 ita kanta gwamnati ta kasa biyan bashinta na cikin gida kamar yadda ta yi alkawari, ta musanya takardun bashin da wasu masu dogon wa'adi da ƙarancin ruwa. Bankuna, waɗanda suka ɗauka ranta wa gwamnati shi ne tudun mun tsira, yawancinsu suka rufe wannan shekara da asara.

Inda abin ya fi taɓa zango ba a manyan bankuna ba ne. A ƙananan gidajen ajiya ne, waɗanda ke aiko da yara da jaka suna zagaya kasuwa kamar masu susu. A watan Mayu 2019 aka soke lasisin irinsu 347 a rana ɗaya, a Agusta aka ƙara da gidajen ajiya da rance 23. Mun san wata gwauruwa a unguwarmu da ta kai kuɗin gadon marayunta wani irin wannan gida saboda an yi mata alkawarin ruwa mai tsoka. Ta yi fiye da shekara tana zarya da takarda a hannu, yaronta na fari kuma, wanda muka koyar, ya rasa zango biyu na karatu. Ba kowane gini mai kanta da gilashi ne banki ba. Lasisi iri-iri ne, jarin da ake nema a kowane iri ya bambanta nesa ba kusa ba, kuma Babban Banki yana buga sunayen waɗanda ya ba izini. Akwai kuma waɗanda ba su da izinin karɓar ajiya ko kaɗan. Manya sun tuna Pyram da R5 na tsakiyar shekarun 1990, yara sun tuna Menzgold da aka dakatar a Satumba 2018, mai biyan kashi 7 zuwa 10 kowane wata. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da huhun goro ya san babu halastaccen cinikin da ke ba da haka wata bayan wata ba faɗuwa. Kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sababbi suka daina zuwa a rufe ƙofa.

Wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne an yi dokar kare masu ajiya a 2016, hukumarta kuma ta fara aiki a 2019. Kowane banki mai lasisi yana zuba wani abu a asusunta, idan ya faɗi a biya masu ajiya daga ciki. Amma akwai iyaka. Da aka fara, sidi 6,250 ne ga mai ajiya a banki, 1,250 ga mai ajiya a ƙananan gidaje. Abin da ya haura wannan sai an sayar da kadarorin bankin a ga abin da ya samu. Saboda haka mai kuɗi da ɗan kauri ya tambayi manajansa nawa ne iyakar a yau, kuma kada ya tara duka a gida ɗaya. Ba rashin kunya ba ne mutum ya tambaya, kuɗinsa ne.

To, a bar su ƙarƙashin katifa ke nan? Nan ma akwai ɓarawon da ba ya fasa ƙofa. A 1983 farashin kaya ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda. A Disamba 2022 hauhawar ta kai kashi 54 cikin ɗari. Lokacin da aka yanke sifiri huɗu a 2007, sabon sidi ɗaya ya ɗan fi dala ɗaya, amma a ƙarshen 2024 sai ka ba da wajen 15 kafin a ba ka dala, ko da yake ya farfaɗo cikin 2025. Wanda ya binne kuɗi a tukunya tsawon waɗannan shekaru ya tono takarda ce kawai. Ga kuma gobara. Wutar da ta cinye kasuwar Kantamanto a farkon Janairu 2025 ba ta bar abin da ke cikin akwatunan shaguna ba.

Saura maganar ruwa, wadda ita ce ke hana wasu bayin Allah kusantar banki ko da sun yarda da shi. Hukuncinta na malamai ne, ba na malamin makarantar boko ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne akwai asusun da ake kira na yau da kullum, wanda galibi ba a ɗora masa ruwa, sai ma kai ka biya ladan hidima. Dokar 2016 ta ambaci banki marar ruwa cikin ayyukan da aka halatta, a Nijeriya kuma Jaiz yana aiki tun 2012. Sai dai a sani, shi ma irin wannan banki ciniki yake yi da ajiyar mutane, kuma idan ya sayar wa wanda ba zai biya ba, lissafin nan na 20,000 bai canza ba.

Muna cikin haɗa wannan rubutu yaron Baba ya biyo ta makaranta ɗaukar ƙanensa. Ya ce tun ran Litinin da ta biyo bayan Juma'ar nan tsohon ya sa shi ya raka shi banki da katinsa na ɗan ƙasa, ya ciro rabin kuɗin ya sayi goro, ya bar rabi. Goron kuma, in ji yaron, ya riga ya rarraba wa mata shida masu talla, bashi, za su biya bayan sallah.